Zanen Da Na Yi Wa Kaca-kaca Ashe Na Malamina Ne

Assalamu alaikum, Hajiya Lauratu.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan abu yana cina a rai, kuma babu wanda zan iya buɗe wa cikina a cikin abokan sana'ata. Ni ba mutum ba ne mai kai kuka. Maiɗakina ce take bin filin nan naki duk mako, ni sai dai in ji tana ba da labarin masu rubuto miki, in ce mutane ba su da aikin yi. To yau ga ni. Na sauya sunayen waɗanda zan ambata, wanda ya gane kuma ya rufa mini asiri.

Ni mai zane ne, shekaruna arba'in da ɗaya, shagona yana wajen Ƙofar Wambai. Ina yin fosta, kalanda, bangon littafi, katin biki da tambarin kamfani, duk a kwamfuta. Ba yabon kai ba, Hajiya, in aka jera masu wannan aiki biyar a cikin birni ba za a tsallake ni ba. Tun da sojoji suka koma bariki siyasa ta dawo, hannuna bai huta ba. A zaɓen da ya wuce akwai 'yan takarar kansila biyu a mazaɓa ɗaya, ba sa ga maciji da juna, amma dukansu ni na yi musu fosta. Aka liƙa su a bango ɗaya, kowanne yana rantsuwa tasa ta fi kyau. Ina iya tsayawa a wannan tsallaken titi in nuna miki aikina a wancan tsallaken, a cikin fastoci ɗari, ba tare da na karanta ko kalma ɗaya ba. Tazarar haruffan kawai ta ishe ni.

Wannan ido ba daga sama na same shi ba. Ina ɗan shekara goma sha uku mahaifina ya kama hannuna ya kai ni zauren wani dattijo a Shahuci, zan kira shi Malam Ɗalha. Shi ne yake rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci da burushi, tun kafin a san wata aba wai ita kwamfuta. Shekara tara na yi a gabansa. Malam ba ya yawan magana, kuma ba ya yabo. In aiki bai yi masa ba, tsumma kawai zai jiƙa da kananzir ya goge. Ba na mantawa, akwai allon wani mai sayar da magani da na kwana uku a kansa, ina ganin na burge, ya zo ya tsaya ya duba, ya nuna wani wuri da haruffa biyu suka matse juna, ya sa tsumma ya shafe allon kakaf. Na laɓe bayan ƙyaure na yi kuka. Daga baya dai ya kira ni muka ci tuwo a kwano ɗaya kamar kullum, sannan ya riƙe wuyan hannuna muka ja haruffan tare har suka zauna. Haka aka koya mini, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Da lallashina ya yi da yanzu ina sayar da rake.

Da kwamfuta ta shigo na tafi Kaduna na koya, na dawo na buɗe shagona. Aikin burushi ya yi ta ja da baya har ya zama Malam sai ya yi wata ba a kawo masa allo ba. Yanzu ya haura saba'in, hannunsa ya fara ɗan rawa. Ban yar da shi ba, Allah ne shaidata. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai na biya na gaishe shi, na kai masa goro.

To, ga inda matsalar take. Shekara biyu da suka wuce wani abokin sana'armu a Kaduna, Zaharaddeen, ya buɗe mana wani zaure a intanet, na masu zane 'yan Arewa. Ta imel ake yi. Mutum zai aiko da aikinsa, ya shiga akwatin kowa, sai a duba a faɗi ra'ayi. Mun kai mu tamanin, wasu a Zariya, wasu a Jos da Legas, har da mutum biyu a Jidda. Ni sau biyu a mako nake shiga kafe, wato shagon intanet, bayan la'asar in duba. Da sunana na gaskiya nake rubutu, don ba na jin tsoron kowa, amma da yawa laƙabi suke sawa. Ba a jima ba aka san ni a zauren. In aiki ya zo, har jira ake a ji me zan ce. Suka sa mini suna Aska, kuma in gaya miki gaskiya sunan ya yi mini daɗi.

Ban ce ba a taɓa yi mini magana ba. Bara wata baiwar Allah daga Zariya, Sumayya, ta aiko da katin ɗaurin aure da ta tsara. Na ce mata katin ya fi kama da takardar naɗe tsire. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarta ba. Zaharaddeen ya rubuto mini ni kaɗai, cikin ladabi, ya ce mutane sun fara jin tsoron aiko da aiki, in riƙa sassautawa. Na mayar masa da cewa zaure ba gidan renon yara ba ne, wanda ba zai iya jure gyara ba ya nemi wata sana'a.

Wata guda da ya wuce sai ga saƙo daga wani sabon shiga mai laƙabin Ɗan Koyo. Kalanda ce ya haɗa ta bikin cikar wata Islamiyya shekara ashirin da biyar, ya ce wannan ne aikinsa na farko a kwamfuta, yana roƙon manya su duba masa. Kin san yadda hoto yake buɗewa a kafe, daga sama, kaɗan-kaɗan, kamar ana sauke labule. Tun kafin ya kai rabi raina ya ɓaci. Launi bakwai na ƙirga. Samfurin haruffa biyar a shafi ɗaya. Ja a kan kore, ido ba ya iya tsayawa a kai. Rubutu ya tafi har bakin takarda, in aka kai wurin yanka sai an datse sunan makarantar. A tsakiya ga dagin Arewa an zana shi da linzamin kwamfuta, layukan suna karkarwa kamar tafiyar tana. Sannan duk inda akwai ƙa ko ɗa ko ɓa, an bi an ɗora musu lanƙwasa da hannu, wata ta yi tsawo wata ta yi gajarta. Da na kai ƙasa sai na ga adireshin makarantar: Shahuci. Unguwar da na koyi sana'a. Na ɗauka wani ne daga cikin samarin nan da suke yin kwas na wata uku su fito suna kiran kansu ƙwararru. Wannan ya ƙara tunzura ni.

Ga abin da na rubuta, na kwafo miki shi yadda yake, ban rage komai ba:

“Ɗan Koyo, ka yi gaskiya da ka kira kanka haka, sai dai ko koyon ba ka fara ba. Wannan ba kalanda ba ce, rumfar mai sayar da atamfa ce. Launi bakwai, haruffa iri biyar, babu gefe, babu tazara. Dagin nan kaza ce ta taka fenti ta wuce? Ƙugiyoyin da ka rataya wa haruffa kuma kifi za ka kama da su? Duk wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe burushi ba a rayuwarsa. Abin kunya ne a ce wannan ya fito daga unguwar da Malam Ɗalha yake raye. Da ya gani da tuni ya sa tsumma. Ka nemi wata sana'ar tun da sauran lokaci.”

Na aika, na fito ina jin na yi aiki. Da na koma bayan kwana uku na tarar mutum shida sun goyi bayana, ɗaya ma ya rubuta cewa Aska ta yi aski. A ƙasansu ga amsar Ɗan Koyo, layi biyu kacal: “Na gode, Malam. Duk na ga wuraren da ka nuna, Allah ya ƙara sani.” Na ce a raina, wannan dai yana da tarbiyya, na wuce.

Ranar Litinin ta makon jiya ina shago sai ga Alhaji Baffa, shugaban kwamitin waccan Islamiyya, wanda na sani tun ina yaro. Ya zo da hotuna da sunaye a ambulan, ya ce kalandar bikinsu suke so in yi musu, kuma lokaci ya ƙure, saura mako huɗu. Ina buɗe ambulan na gane kayan. Na tambaye shi wa ya fara aikin. Ya ce ai Malam Ɗalha ne ya roƙe su tun bara su bar masa, yana so ya yi wa makarantar da hannunsa sadaka, tunda shi ya rubuta allonta na farko ranar da aka buɗe ta. Ya ce sun yi ta jira, sai kwanan nan ya dawo musu da kayan ya ce abin ya fi ƙarfinsa, su kawo wa yaronsa na Ƙofar Wambai, shi ne gwanin zamani.

Hajiya, ban san yadda na sallami Alhaji Baffa ba. Na dai ji kaina ina cewa to, to. Na rufe shago tun kafin azahar, abin da ban taɓa yi ba a lokacin aiki, na nufi makarantar sakandaren da babbar 'yar Malam take koyarwa. Zan kira ta 'Yardada. Ta girme ni da shekara biyu, tare muka tashi, Yaya nake ce mata. Tana ganina ta san abin da ya kawo ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Zama ta yi ta ba ni labari.

Ta ce wata bakwai Malam ya yi yana zuwa gidanta kullum bayan azahar, yana koyo a kwamfutar mijinta. Ta ce saboda rawar hannu, da hagu yake riƙe wuyan hannun damansa kafin ya iya jan layi. Dagin nan da na ce kaza ce ta taka, kwana tara ya yi yana zana shi. Ta nuna masa akwai wanda aka riga aka zana, a ɗauko kawai a liƙa, ya ce shi bai taɓa sa abin da wani ya zana a aikinsa ba. Lanƙwasar haruffa kuwa, da ya ga kwamfutar ba ta da su, cewa ya yi ba za a rubuta Hausa da gundulallun haruffa a kalandar makarantar unguwarsu ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na fi shekara biyar da daina sa su a fastocina, don babu mai tambaya.

Ta ce shi ya matsa a shigar da shi zauren, saboda ya ji ana cewa yaronsa ne babba a can, yana so ya ga yadda nake koyar da mutane. Ita take bugo masa saƙonnin a takarda don hasken kwamfuta yana damun idonsa. Da ta ga nawa ta so ta ɓoye, ya lura, ya ce ta miƙo. Ya karanta sau biyu. Ta ce murmushi ya yi, ya ce babu ƙarya ko ɗaya a cikin gyaran, idon nan shi ya ba ni, kuma ga shi ya fi nasa kaifi. Ya faɗa mata amsar da za ta rubuta, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Tun daga ranar bai sake taɓa kwamfutar ba. In ya zo gidan ma ba ya shiga ɗakin. Kuma ya hana ta gaya mini, don haka ta roƙe ni kada in nuna masa na sani, na yi mata alkawari.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi kamar kullum. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi iyali, har ya ce ya ga wata sabuwar fosta a Ƙofar Ruwa ya san tawa ce tun daga nesa. Mutumin da shekara tara bai taɓa yaba mini ba. Na kasa ɗaga ido in dube shi.

Amma Hajiya, kada ki ɗauka na zo ne in ce duk laifina ne. Kalandar nan ba ta yi ba. Ko yau aka sake nuna mini zan ce ba ta yi ba. Da an buga ta haka da an ji kunya, shi ma da kansa ya yarda. Kuma ai hanyarsa na bi, shi ya koya mini cewa aiki ba ya son sanayya. Abin da ya fi damuna shi ne, na san da na san shi ne da ba haka zan rubuta ba. To ke nan gaskiya tana da fuska biyu, ɗaya ta manya ɗaya ta yara? In na fara tauna magana kamar sauran, ana ma sha Allah ga kowane shirme, wa zai tsare mutuncin sana'ar nan? Suna dai ina da shi, da guminsa na same shi, ba na so a ce Aska ta dakushe.

Ga ambulan ɗin Alhaji Baffa a kan teburina ban taɓa shi ba. In yi aikin, in zama na karɓe wa malamina abin da ya yi wata bakwai yana buri? In ƙi yi, in ce me? In je in ba shi haƙuri, in karya alkawarin da na yi wa Yaya, in kuma tona abin da shi da kansa ya rufe? Ko in yi shiru mu ci gaba da gaisawa a haka har Allah ya raba? Ki gaya mini gaskiya, ba na tsoron ta.

Naki,
Mai Zane daga cikin Badala

Wa alaikumus salam, Malam Mai Zane.

Ka ce ba ka tsoron gaskiya, to madalla, sai dai zan yi ƙoƙari in ba ka ita ta hanyar da za ta shiga.

Bari in fara da abin da yake naka. Kana alfahari da sana'arka, kuma ka cancanta. Mutumin da ya yi shekara tara a gaban malami, ya ga zamani ya juya ya bi shi ya koyi sabon abu, bai kuma daina zuwa gaida wanda ya koya masa ba, ba ƙaramin mutum ba ne. Na kuma yarda da kai cewa yabon ƙarya cuta ne. Zauren da kowa zai shiga a ce masa ma sha Allah ya fita, ba zai haifar da gwani ba. Kada wanda ya sa ka zubar da idonka.

Amma ka sake karanta saƙon da ka kwafo mini, ka raba shi gida biyu. Launi ya yi yawa, haruffa sun yi yawa, babu gefe, babu tazara: wannan gyara ne, kuma bai kai layi biyu ba. Duk sauran, rumfar atamfa da kaza da kifi da neman wata sana'a, ba Ɗan Koyo ka rubuta wa ba. Mutum tamanin ɗin da suke jira su ji me Aska zai ce, su ka rubuta wa. Ko a cikin gyaran ma ba ka gaya masa launi nawa zai bari ba, ko wanne zai cire. Wanda ya karanta ya san aikinsa bai yi ba, amma bai san abin da zai yi gobe da safe ba. Don haka tambayarka ko gaskiya tana da fuska biyu, a'a, fuskarta ɗaya. Da ka san Malam ne, da gyaran nan guda huɗu za ka faɗa, babu ragi. Abin da za ka cire shi ne ba'ar, ita kuwa da ma ba gaskiya ba ce, ƙari ce.

Ka ce hanyarsa ka bi. Rabinta ka bi. Da bakinka ka gaya mini cewa bayan ya goge allon ya kira ka kun ci abinci a kwano ɗaya, ya riƙe hannunka kun ja haruffan tare. Ya goge ne a zaurensa, daga shi sai kai. Yana ganin fuskarka, ya san kwana nawa ka yi a kan aikin, ya san iya abin da za ka iya ɗauka, kuma ya san gobe za ka dawo. Kai ka ɗauki tsumman ka bar sauran. Hausawa suna cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to wannan sabuwar kasuwa taku ta intanet ba haka take ba. Ba ka ganin wanda yake ɗaya gefen. Yana iya zama saurayi mai girman kai, yana iya zama dattijo mai riƙe da hannunsa da ɗaya hannun. Tunda ba ka gani, sai ka tambaya, ko kuma ka ƙaddara cewa mutumin ya sha wahala kafin ya aiko, domin galibi haka ne.

Akwai kuma abin da ba zan bari ya wuce ba. Kwana goma sha ɗaya ka yi kana juyayin Malam, amma Sumayya layi uku ka ba ta a wasiƙarka. Ita ma 'yar wani ce, ɗalibar wani ce. Bambancinsu kawai shi ne ita ba wanda ya zo shagonka ya ba ka labarin kwanakin da ta yi a kan katinta.

Yanzu ga abin yi. Ka fara da Yayarka. Ka koma ka gaya mata ba za ka iya riƙe alkawarin nan ba, ka nemi ta sake ka. Ka tuna mata cewa ba daga bakinta ka fara ji ba, Alhaji Baffa ne ya kawo zancen, kuma Malam da kansa ya turo shi. Dattijon da ya aiko maka da hotunan da ya san ka riga ka gani, ya san za ka gane. Ban ce kiran ka yake yi ba, amma bai kulle ƙofa ba.

Sannan ka je wurinsa, ba ranar Juma'a da mutane suke shiga da fita ba, ranar da za ka same shi shi kaɗai. Kada ka tafi da dogon jawabi, kada ka yi kuka a gabansa har ya zama shi ne yake lallashin ka. Ka durƙusa ka ce ka yi rashin ladabi a rubutu, kuma ko wane ne aka yi wa haka bai dace ba, ya yafe maka. Kada ka ce kalandar ta yi kyau. Ya san ba ta yi ba, in ka faɗi haka ka raina shi karo na biyu. Amma ka gaya masa abin da ka gaya mini, cewa kai ka daina sa wa haruffa lanƙwasa, shi kuma ya ƙi yarda a bar su. Wannan yabo ne na gaskiya, kuma shi ya kamata ya zo a farkon saƙonka tun ran nan.

Aikin kuwa ka karɓa, amma kada ka yi shi kai kaɗai. Ka roƙe shi ya zana dagin da sunan makarantar da burushi a kan takarda, da girman da hannunsa zai sake, kai kuma ka ɗauka ka shigar a kwamfuta ka tsara sauran. Ka ɗauko kalandarsa ta farko ku zauna a kanta tare, ka nuna masa launin da za a rage da dalili, kamar yadda ya taɓa yi maka. Ba alfarma za ka yi masa ba, kalandar ce za ta fi kyau, kai ma ka sani. In ya ƙi, kada ka matsa. Yana da ikon ya ce ya gama da kwamfuta, kuma mai yiwuwa abin da ya fashe ba zai koma daidai cikin mako huɗu ba. Sai ka yi aikin da kyau, ka kai masa ya duba kafin a buga, ka ci gaba da zuwa.

Saura zaure. A gaban mutum tamanin ka yi, a gabansu za ka gyara. Ka rubuta cewa ka sake duba abin da ka ce wa Ɗan Koyo, gyaran yana nan amma lafazin bai dace ba, ka janye shi. Kada ka bayyana ko wane ne, wannan sirrinsa ne. A cikin saƙon ka sake duba kalandar yadda ya kamata, don su ga ana iya yi: ga abin da ya tsaya da kyau, ga abu biyu ko uku da suka fi buƙatar gyara, ga yadda za a gyara su. Daga yanzu in aiki ya zo, kafin ka ce komai ka tambayi mai shi don wa ya yi, da me ya yi, kuma ina ne ya fi ba shi wuya. In abin da za ka faɗa mai nauyi ne, ka aika masa shi kaɗai. Ka yi magana a kan aikin, ka bar mai aikin. In ka ji wata ba'a ta zo maka mai daɗin faɗa, ita ce ta farkon gogewa. Ka nemi adireshin Sumayya a wurin Zaharaddeen ka rubuta mata, shi ma ka gode masa, don ya gaya maka gaskiya tun bara kuma cikin ladabi.

Kana tsoron a ce ka dakushe. Waɗanda suke tafa maka za su ɗan yi gunaguni, su ai kallo suka zo. Amma ka tambayi kanka, a shekara biyun nan mutum nawa ne a zauren za su ce kai ka koya musu wani abu. Malam Ɗalha yana da wanda zai nuna a Ƙofar Wambai ya ce nasa ne. Kai ma lokaci ya yi da za ka fara tara naka, kuma kana da duk abin da ake buƙata.

Kada ka bari makon nan ya fita ba ka je ba. Dattijo ne, kuma irin wannan magana ba a ajiye ta sai an samu sarari. Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanka, ya ƙara masa lafiya, ya yi wa sana'arka albarka, ya sa a yi bikin makarantar lafiya. Ka gaida maiɗakinka da kyau.

Taku,
Hajiya Lauratu